Amsar da Na Bayar da Sunan 'Yata

Kai da ka buɗe littafin nan, rufe shi, ba naka ba ne. Wanda ya leƙa abin da ba a nuna masa ba, abin da ya gani shi zai hana shi sukuni, kuma kada ya zo ya ce in yi masa bayani. In Auta ce, na san hannunki da maiƙo, zan ga shaida. In Baban yara ne, ka riga ka ji komai da kunnenka. In kuwa hannun wata uwa ya faɗa bayan ba ni, ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke min hukunci, don ke ma kina da 'ya.

Laraba, 3 ga wata, ƙarfe shida da rabi na safe

Wayar tana cikin durowata, ƙarƙashin ɗankwalaye. Can za ta zauna.

Tun farko ban so a saya mata ba. Shekara goma sha shida, aji biyar na sakandare, me za ta yi da waya? Baban yara ya ce don karatu. Na ce mu da muka yi sakandare da biro da littafi ba mu mutu ba. Ya saya. Jiya da la'asar babbar 'yata tana wanka, wayar na kan kujera tana ta haske, na ɗauka. Saƙo biyu a fuskar wayar, daga wani wai shi Sifili. Sifili! Wane uba ne zai raɗa wa ɗansa Sifili? "Malama, na jira ki jiya ƙarfe biyar, ba ki zo ba." Na biyun kuma: "Ke kaɗai ce in kin yi magana nake ganewa."

Gwaggonsu, yayar Baban yara, tana zaune a falo ta kawo mana ziyara. Yarinyar ta fito da tawul a kai, na faɗi abin da na faɗa. Ba zan rubuta shi a nan ba. Ba nadama nake yi ba, takarda ce dai ba wurinsa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ta ce, "Mama, bari in nuna miki." Na ce ba na son gani, lambar buɗe wayar kawai za ta ba ni. Ta faɗa: ɗaya, ɗaya, biyu, uku, biyar, takwas. Ko lambar ma ba ta da kan gado.

Alhamis, 4 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

"Ina kwana," ta ce, tana kallon bango. Babu "Mama". Ta yi shara, ta wanke kwanuka har da tukunyar da na jiƙa wadda ba aikinta ba ce. In da aiki za ta yi fushin, gida ne ya ci riba.

Alhamis, ƙarfe biyar da minti goma na yamma

Wayar ta yi ƙara sau uku a durowa. Ban buɗe ba.

Juma'a, 5 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana, ɗakin kati

Shekara goma sha tara ina ɗakin katin asibitin nan. Taga ɗaya, fanka mai kuka, kanta goma sha biyu cike da katunan marasa lafiya, kowanne da lambar da na rubuta da hannuna. Ba a taɓa neman kati a wurina an rasa ba. Wadda ta iya wannan za ta iya binciken waya.

Da layi ya tsagaita na buɗe. Ashe wani dandali ne da mutane ke turo tambayoyin lissafi, wanda ya sani ya amsa. Sunanta a can wai 'Yar Fensir. A ƙarƙashin sunan an rubuta amsa ɗari huɗu da goma sha biyu. Ɗari huɗu! A gidana, ina dafa abinci a bayan bango, ban sani ba. Wannan kaɗai ya isa laifi.

Na bi su ina neman ɓarnar. Wata mai ɗinki tana tambayar yadi nawa zai ishi labulen taga bakwai. Wani ɗalibi da aikin gida da za a karɓa gobe, ta ƙi ba shi amsa, ta ce ya nuna mata inda ya tsaya tukuna. Wani yana koyon rubuta wa kwamfuta umarni. Wani da wasa ƙwaƙwalwa. Shi kuma Sifili kusan kullum, ƙarfe biyar: kashi cikin ɗari, rabawa mai tsawo, litar mai nawa a tafiyar kaza.

Ban samu komai ba tukuna. Amma mai farauta ba ya fara da nuna bindiga. Da lissafi zai fara, ba da lissafi zai ƙare ba.

Sista, ma'aikaciyar jinyar da muke cin abincin rana tare, ta leƙo ta taga ta ce, "Uwar kati, yau ke ce da latsa waya? Duniya ta zo ƙarshe." Na ce mata ta je ta yi allurarta.

Asabar, 6 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ta tattara littattafan lissafinta duka ta sa a kwali, ta tura ƙarƙashin gado. Na gani. Ban tambaya ba.

Lahadi, 7 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Auta ta kawo aikin gida. Da yayarta ke zama da ita, yau yayar ta ce kanta na ciwo. Biyu bisa uku a tara da uku bisa huɗu. Na zauna da ita. Na tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, na ce biyar bisa bakwai. Auta ta dube ni ta ce, "Mama, ai uku bisa huɗu shi kaɗai ma ya fi wannan yawa. Yaya ta ce in ka tara abu ya ragu, to ka koma ka duba." Na ce mata ba a musu da babba, ta kai wa babanta.

Lissafi ne kaɗai na faɗi a jarrabawar fita. Ba abin ɓoyewa ba ne. Tarbiyya ba da lissafi ake yin ta ba.

Baban yara ya same ni a kicin bayan ya gama da Auta. Ya ce, "Maman yara, kalmar nan ta yi nauyi."

Na ce, "Wace kalma?"

Ya ce, "Kin san ta. Kuma gaban Yaya."

Na ce da ya ji maganata bai sayi wayar ba, da ba a kai ga kalma ba. Ya ce shi ya sayi waya, amma ba shi ya sayi bakina ba. Ya fita. Shekara ashirin da aure, yau ya koyi baƙar magana.

Litinin, 8 ga wata, ƙarfe biyu na rana, ɗakin kati

Malamar lissafinsu ta zo har taga, ta bi layi kamar mara lafiya. 'Yar siririya, ba ta wuce talatin ba. Ta ce yarinyar ta cire sunanta daga gasar lissafi ta makarantu, wadda suka shekara suna shiri, wadda in ta ci za a ɗauke mana nauyin karatunta har jami'a. A aji ma ta daina ɗaga hannu. Jarrabawar gwajin da aka yi Juma'a, sunanta kawai ta rubuta ta miƙa takarda fara fat.

Ta ce, "Mama, lafiya a gida?"

Na ce lafiya ƙalau, gidana ba a shiga.

Ta ce ba shiga ta zo yi ba. Sunaye za a tura ranar Juma'a, sha tara ga wata, ƙarfe goma sha biyu. Za ta riƙe gurbin har lokacin. Ta ajiye fom a kan katunana, akwai wurin sa hannun ɗaliba da na uwa ko uba. Ta ce, "Nawa zan iya sa mata, naki za ki iya sa mata, nata ne ba mai iya sa mata."

Da za ta tafi na tambaye ta, don kawai in ji, ko ɗaya, ɗaya, biyu, uku, biyar, takwas na da wata ma'ana. Ta yi dariya ta ce kowace lamba jimlar biyun da suka gabace ta ce. Na gwada a bayan kati. Haka ne.

Talata, 9 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Mako ɗaya. Na faɗi abin da na faɗa.

Laraba, 10 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na ajiye fom ɗin a kan teburin falo, na danne da kofi. Ta goge teburin, ta ɗaga kofin ta goge ƙarƙashinsa, ta mayar da fom da kofi yadda suke.

Laraba, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na yi wani abu, kuma ina da dalilina.

In ana son a ga abin da ke cikin rami, sai an zura sanda. Sifili ya sake turo tambaya a dandalin, inda kowa ke gani. Wai zai sayi tayoyi bashi. Wuri ɗaya sun ce ruwa uku cikin ɗari kowane wata, kuma ruwan da ya taru shi ma ana ɗora masa. Ɗaya wurin sun ce arba'in cikin ɗari a shekara, sau ɗaya. Wanne ya fi sauƙi? Ya ƙara da cewa, "Malama 'Yar Fensir, ko kina nan?"

Na ce bari in amsa a matsayinta, in ga abin da zai biyo baya idan ya ga ta dawo. Tambayar ma ba wuya. Uku sau goma sha biyu. Na rubuta: "Talatin da shida ne, na wata ya fi sauƙi. Kuma ka ji tsoron Allah ka rabu da bashin ruwa, wanda bai da shi ya yi haƙuri."

Gaskiya na faɗa masa, ko ba komai.

Alhamis, 11 ga wata, ƙarfe goma na safe, ɗakin kati

Mutum ashirin da uku sun yi magana a ƙarƙashin amsata. Mutanen nan ba su da aikin yi?

Wani ya ce ba talatin da shida ba ne, arba'in da biyu ne da ɗigo shida, don ruwa na haifar ruwa, saboda haka na shekara ya fi sauƙi. Wani ya ce, "Fensir ya karye." Wata ta sa hoton dariya har guda biyar. Wani ya ce, "Yau kuma wa'azi aka koma?" Wani mara kunya ya ce dama can kwafa take yi, yau asiri ya tonu. Wannan na ƙarshen, da zan gan shi ido da ido.

Shi Sifili abin da ya rubuta: "Wannan ba ita ba ce. Ita ba ta taɓa ba da amsa ba tare da ta nuna hanya ba."

Na nemi yadda ake gogewa, ban gano ba. Na ba wata mata katin wani tsoho. Ta kai har gaban likita kafin a dawo da ita. Shekara goma sha tara.

Juma'a, 12 ga wata, ƙarfe biyar da kwata na yamma

Sifili ya turo saƙo ta gefe, inda ba kowa ke gani ba. Na kwafe shi a nan yadda yake.

"Zuwa ga wanda wayar ke hannunsa. Ni direban motar kaya ne, shekarata hamsin da biyu, a aji uku na firamare na tsaya. Ƙarfe biyar nake ajiye mota, lokacin ita ma take amsa tambayoyi. Na ɗauka tsohuwar malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Idan yarinya ce kuma maganata ta jawo mata matsala, ku yafe ni, ina da kamarta uku a gida. Ba zan ƙara rubuta mata ba. Tayoyin ban sa hannu ba, na ga gyaran da aka yi."

Na karanta sau huɗu. Ɓarawo ma yana kai shekara hamsin da biyu. Kowa na iya rubuta yana da 'ya'ya uku. Ban ce na yarda ba, kuma har gobe ba zan ce namijin da ba a sani ba ya riƙa jiran 'yata ƙarfe biyar daidai ne ba.

Amma na koma na karanta saƙo biyun nan na ranar Talata. Kalmominsu ba su canza ba.

Asabar, 13 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ina yankan albasa ta shigo kicin ta tsaya a bakin ƙofa. Wata ƙawarta ta nuna mata amsar da na rubuta jiya a makaranta.

"Mama."

Kwana goma sha ɗaya rabon da in ji shi. Ban juyo ba.

"Mama, ke kika rubuta da sunana?"

Na ce wayar da kuɗin gidan nan aka saye ta, kuma uwa ba ta neman izini kafin ta tsare 'yarta.

Ta ce, "Talatin da shida, Mama? Da ya sa hannu fa? Mutumin nan da yatsu yake ƙirga lokacin da ya fara zuwa. Wata takwas ina koya masa."

Na ce ta rage murya.

Ta rage. Gara ma da ba ta rage ba. Ta ce, "Abin da kika kira ni gaban Gwaggo, na ce a raina Mama ba ta sani ba ne, in ta duba za ta gani. Kin duba. Kwana goma wayar na hannunki. Kin gani, kuma ba ki ce komai ba."

Na ce albasa ce, ta fita ta ba ni wuri.

Asabar, ƙarfe uku na rana

Yaran yanzu ba su san cewa tsoro ne ke sa uwa faɗa ba. Ba su san abin da muke gani ta tagar ɗakin kati ba: 'yan mata sa'anninta da ake kawowa, uwa na biye da su kanta a ƙasa, ni ke rubuta musu lamba. Ni na san abin da na hango. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi.

Sai dai wannan karon ban san me na hango ba.

Lahadi, 14 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na share ɗakina sau biyu. Na kwashe ɗankwalaye na sake ninkewa. Fom na nan ƙarƙashin kofi.

Litinin, 15 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana, ɗakin kati

Ba zan yarda da arba'in da biyu don kawai wani a waya ya faɗa ba. Na ɗebi katunan da suka lalace, na juya bayansu, kati ɗaya wata ɗaya. Na fara da ɗari. Wata na farko 103. Na biyu ba 106 ba ne, 106.09 ne, don ukun nan ma ta haihu. Na uku 109.27. Ɗan abu kaɗan kamar ba komai, amma kowane wata sai ya fi na baya.

Sista ta shigo ta ga katuna jere a tebur ta ce, "Uwar kati, duba kike yi ko adashi?" Na ce jarrabawar da na faɗi shekara ashirin da huɗu da suka wuce nake sakewa. Ta ce Allah ya ba da sa'a, amma mai ciki na jira a taga.

Na tsaya a wata na shida, 119.41.

Talata, 16 ga wata, ƙarfe biyu na rana, ɗakin kati

Na gama. 141.48 na samu. Su sun ce ɗari da arba'in da biyu da rabi da 'yan kai. Ko ta yaya dai ya wuce arba'in, ya bar talatin da shida a baya. Amma ɗaya ya ɓace min, na bi katunan sau uku ban ga inda ya shiga ba. Ni da ba a rasa kati a wurina.

Mako biyu yau.

Ina cikin neman ɗayan nan na sake buɗe tsofaffin amsoshinta. Mai koyon kwamfutar nan ya ce ya rubuta umarni, abin ya yi ta maimaita kansa ya ƙi tsayawa har injin ya yi zafi. Ta amsa masa: "Ka gaya masa ya fara, ka gaya masa ya maimaita, ba ka gaya masa sharaɗin da zai tsaya ba. Duba layi na huɗu." Na ce to, haka yara suke, wanda ba a gaya masa inda zai tsaya ba ba zai tsaya ba. Na rubuta wannan don in karanta wa Auta.

Fanka na ta juyawa a kaina. Na kashe ta, zafi ya dame ni, na kunna.

Laraba, 17 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Daga aiki na wuce gidan Gwaggo. Ta ce, "A'a, amaryarmu, yau da kanki? Ince ko ba ƙanena ne ya yi laifi ba." Na ce ina son ta zo gobe da la'asar, ta zauna a kujerar da ta zauna ranar nan.

Ta ce, "Ban gaya wa kowa ba, in shi kike tsoro."

Na ce ba shi ba ne. Abin da aka zubar a gabanta, a gabanta za a kwashe.

Ta ce magana zarar bunu ce. Na ce na sani, ni na saba faɗa wa mutane.

Alhamis, 18 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Gwaggo ta zo. Baban yara ya dawo da wuri ba tare da na ce masa ba. Na kori Auta ɗaki, na san kunnenta na jikin ƙofa. Na kira yarinyar, ta zo ta tsaya. Na ce ta zauna, ta zauna a bakin kujera.

Ban durƙusa ba, uwa ba ta durƙusa wa 'yarta. Ban yi kuka ba. Na ce, "Yaya, ki shaida. Abin da na kira yarinyar nan ranar Talata, ba ita ba ce, ba ta taɓa zama ba. Saƙo biyu na gani na yanke hukunci. Na janye shi a gabanki." Na juya wurinta na ce, "Ke kuma ki yafe wa uwarki."

Kanta na ƙasa. Gwaggo ta fara cewa, "Ke, ba ki ji uwarki ba?" na ɗaga mata hannu. Ba a karɓar wannan da tsawa.

Ban san abin da zan yi da hannuwana ba, sai na ciro katunan daga jaka, goma sha biyu ɗaure da roba, na ajiye a gabanta. Na ce ɗaya ya ɓace min a ciki, kwana biyu ina nema.

Ta kalle su kamar ba za ta taɓa ba. Can ta cire robar. Ta bi na farko, na biyu, leɓenta na motsi. A na tara ta tsaya. Ba ta ɗago ba ta ce, "Baba, ara min biro." Ta zagaye wuri ɗaya.

"Shida da takwas sha huɗu. Kin rubuta huɗu, ba ki ɗauki ɗaya ba." Ta ci gaba da sauran ukun tana gyarawa. "Kuma ɗayan da kika bari a wata na tara, shi ma ya haifi nasa ruwan. 142.58." Sai ta ɗago. "Da hannu kika yi duk wannan, Mama?"

Na ce da ƙafa zan yi?

Baban yara ya yi dariya, na harare shi. Ita ba ta yi dariya ba, amma ta tattara katunan ta mayar da robar, ba ta miƙo min ba. Ta shiga da su ɗaki.

Fom na nan ƙarƙashin kofi. Gobe sha biyu.

Juma'a, 19 ga wata, ƙarfe shida da kwata na safe

Na fito da wayar daga ƙarƙashin ɗankwalaye na ajiye kusa da kofin. Na ce kafin ta tafi makaranta ta nuna min inda ake gyara amsa, akwai sauran mutum ashirin da uku da abin ya zube a gabansu. Ta nuna. Da yatsa ɗaya na rubuta, ita tana tsaye: "Talatin da shidan nan ba 'Yar Fensir ta rubuta ba, ni uwarta ce na rubuta ba da saninta ba. Kuskure ne, 42.58 ne, na lissafa da kaina ta gyara min. Maganar tsoron Allah kuma tana nan ban janye ba."

Ta karanta ta ce, "Mama, na ƙarshen nan dole ne?" Na ce dole ne.

Tana jan allon sai ga wata tambaya da ta kwana ba a gama musu a kanta ba: daga ɗaya zuwa ɗari, sau nawa ake rubuta lamba bakwai? Wasu sun ce goma, wasu sha tara. Na ce ashirin ne. Ta juyo ta ce ta yaya. Na ce bakwai, sha bakwai, ashirin da bakwai, har casa'in da bakwai, goma ke nan. Saba'in zuwa saba'in da tara, wasu goma. Saba'in da bakwai sau biyu hannu ke rubuta shi, masu cewa sha tara nan suka yi tuntuɓe. Wanda ya shekara goma sha tara yana lambar kati ba za a gaya masa bakwai ba.

Ta ce, "Kin ga yanzu kin nuna hanya."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Sai da na zo ɗauke kofin na ga babu komai a ƙarƙashinsa.

Juma'a, ƙarfe goma sha ɗaya da minti arba'in, ɗakin kati

Malama ta zo taga tana haki, fom a hannunta. Hannun ɗaliba na kai. Saura nawa. Na sa.

Juma'a, ƙarfe bakwai na yamma

Kwalin littattafai ya fito daga ƙarƙashin gado. Ba ta ce ta yafe ba, ban sake tambaya ba. Ta ce "Mama" sau uku yau, ɗaya a ciki don ta tambayi inda ashana take. Na ƙirga.

Bayan cin abinci na tara su duka har Baban yara, na kafa doka, kuma na rubuta ta a nan don kada wani ya ce bai ji ba. Waya a teburin falo take zama, daga biyar zuwa shida, a fili. Babu saƙon gefe da kowa, ko direba ne ko shekararsa ɗari. Mai tambaya ya yi a inda kowa ke gani. Ina da ikon in zauna kusa in kalla, amma ba mai ƙara rubutu da sunan wani. Kuma daga yau a gidan nan, lissafi ne ko zargi, ba mai ba da amsa sai ya nuna hanyar da ya bi ya same ta.

Auta ta ɗaga hannu kamar a aji ta ce, "Har ke, Mama?"

Na ce daga kaina aka fara. Je ki ɗauko biyu bisa ukun nan.